Mai lambun da ya shuka mana tsakiyar titi a Mamobi

Shagon ɗinkina yana kallon wata mararraba a Mamobi, wata unguwa a birnin Accra na ƙasar Ghana, kuma tun da aka shuka tsakiyar titin, masu wucewa suke leƙowa suna tambayar wanda ya yi aikin. Ga abin da na sani game da shi, mai daɗi da marar daɗi, don masu niyyar ba shi aiki su san inda za su sa ƙafa.

Wurin ba wani babba ba ne. Siririn fili ne da ya raba hannun masu tafiya da na masu dawowa, faɗinsa bai wuce taku biyu ba, sai wani ɗan fili mai kusurwa uku a daidai kwanar. Da can ledojin fiya wata ne da ɓaraguzan siminti suka cika shi. Mu masu shaguna da kwamitin masallaci muka yi karo-karo, asembuliman ɗinmu, wato kansilan unguwa, ya samo mana izini, sannan aka shiga neman mai aiki. Wanda muka ɗauka dattijo ne mai irin lambunan nan na gefen titi, inda ake jera tsirrai cikin baƙaƙen ledoji. Baba muke ce masa. Kuɗin da ya yanka ya kusa ninka na wani saurayi da ya zo mana da hotuna a waya, kuma sai da aka kai ruwa rana a kwamiti kafin a yarda da shi.

Abin da ya sa na goyi bayansa shi ne yadda ya fara. Bai kawo tsiro ko ɗaya ba. Benci ya roƙa a ƙofar shagona, ya zauna tun safe yana kallon yadda trotro, wato ƙananan bas-bas na haya, ke tsayawa, inda 'yan okada ke yanke hanya, da inda yaran makarantar allo ke tsallakawa. Da rana ya shiga tasi ya sa direban ya zaga kwanar da shi. Daga baya na hango shi ya tsuguna a bakin titi yana duban motoci daga tsayin ƙaramin yaro. Ni dai burina a jera mana dogayen itatuwan kwalliyar nan masu kama da kwakwa, a haɗa da bogenbiliya mai jan fure. Da na faɗa masa sai ya ce, "Hajiya, fure ba ya taka burki. Duk abin da ya wuce gwiwa a kusa da kwanar nan, yaro zai ɓuya a bayansa, direba ba zai gan shi ba sai ya iso." Ya ƙara da cewa bogenbiliya na da ƙaya, tana kuma miƙa reshe cikin titi idan aka yi wata biyu ba a aske ta ba. Bishiyar lemar nan da ake yawan shukawa a ƙofar gidaje ma ya hana, domin saiwarta a sama-sama take tafiya, tana ɗaga daɓe tana fasa kwata.

A aikin ƙasa ne na ga inda kuɗinmu ya shiga. Yaransa sun haƙe jar ƙasar da ɓaraguzan har zurfin kamu ɗaya, aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kwashe, aka kawo baƙar ƙasa aka cakuɗa da busasshen kashin kaji. Bai cika ramin ya yi tudu ba kamar yadda ake yi a wurare da yawa. Ya bar ƙasar ta ɗan yi ƙasa da bakin simintin, don ruwan sama ya kwanta ya nutse a nan, ƙasar kuma kada ta zube kan kwalta ta gangara kwata. Duk wanda yake Accra ranar 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan mai na kusa da shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, ba sai an yi masa dogon bayani a kan toshewar kwata ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Akwai wata 'yar hanya da ƙafafun mutane suka fitar a tsakiyar filin, daidai inda mata ke tsallakawa zuwa wajen mai koko da ƙosai. Wasu a kwamiti sun so a toshe ta da shuka don a tilasta wa mutane zagayawa. Baba ya ƙi. Ya shimfiɗa bulo a kanta, faɗin da mai goyo da kaya a kai za ta tsaya cikin natsuwa ta jira mota ta wuce. Har yau ban ga an tattake shukar gefenta ba.

Wajen zaɓen tsirrai ya yi ta nanata cewa Accra ba Kumasi ba ce. Ruwan da muke samu a shekara yana wajen milimita 800 ne, na Kumasi kuwa ya kusa ninka haka, shi ya sa abin da ke yin shar a can yake ƙonewa a nan da zarar hunturu ya shigo a Disamba. A kusa da kwana ya sa gajeriyar ciyawa da iksora, wata shukar kwalliya mai fure, da ake askewa ƙasa da gwiwa. Da aka yi nisa da kwanar sai ya jera lalle, ya ce ko mata sun tsinki ganyen ba komai, aski suka taya shi. A can ƙarshe, inda ƙasa ke gangarawa kwata, ya dasa jema, saboda saiwarta na nutsawa ƙasa sosai ta riƙe wurin. Sannan ya bi masu sayar da ɗanyar kwakwa ya karɓo ɓawon da suke neman inda za su zubar, aka sassara aka rufe gindin shukar da shi. Ko da tsakar rana ka tura yatsa ƙarƙashin ɓawon nan za ka ji danshi.

Ƙanena yana aiki a wani otal a Vail, garin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara a duwatsun Kolorado ta Amurka. Garin yana kan tudu kusan mita 2,500, kuma tun 1995 aka gina shataletale a babbar mashigarsa. Da na tura masa hoton namu, ya ce su a can damuwar mai shuka ita ce inda motar share ƙanƙara za ta tara ta, da gishirin da ake zuba wa titi don ta narke, wanda ke ƙona tsirran bakin hanya, ga lokacin furen ɗan watanni kaɗan ne. Na karanta wa Baba saƙon. Ya saurara da kyau, ya tambayi irin tsayin da suke bari a bakin shataletalen, da ya ga hoton kuma ya nuna min da yatsa cewa su ma gajeru suka sa a gefe, dogayen suna can tsakiya.

Sai dai akwai inda raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. Mako biyu ya ce aikin zai ɗauka, ya haura wata. Tulin baƙar ƙasa ya zauna a gaban shagunanmu, iska na kwasowa tana zuba min a kan yadin mutane. Wayarsa kuwa sai ka kira ka gaji. Abin da ya fi ci min rai shi ne ban-ruwa. Da baki aka yi magana cewa yaransa za su riƙa zuwa har shukar ta kama, ba a rubuta sau nawa a mako ba, ba a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin tanka ba. Da rani ya tsananta sai zuwan ya ja baya, iksorar da ke ɓangaren da rana ta fi duka ta bushe ƙurmus. Da muka same shi bai yi musu ba, ya sake dasa rabi kyauta, rabin muka biya. Duk da haka, mutumin da ya san hunturun Accra kamar yadda ya sani, shi ya kamata ya fara kawo maganar ruwa tun ranar ciniki.

Bai kuma yi lissafin dabbobi ba. Gab da Babbar Sallah unguwa ta cika da raguna, aka wayi gari sun aske ciyawar har ƙasa sun taɓa lallen. Shingen sanduna da waya da ya kafa daga baya ya yi aiki, amma da tun farko aka sa shi da ba a yi asarar ba. Wanda ya zauna yini guda yana kallon titin zango, wato unguwar Hausawa irin tamu, bai kamata akuya ta ba shi mamaki ba.

Idan tukwanen fure kake so a tsakar gida, akwai masu arha da sauri fiye da shi. Idan kuwa wuri ne da mota da mutum ke haɗuwa, ƙofar makaranta ko bakin masallaci ko mararraba, shi zan sake kira. A neme shi a watan Maris, don dashen ya dace da faɗuwar ruwan Afrilu. A rubuta ranar gamawa, a riƙe wani kaso na kuɗin sai shukar ta tsallake rani ɗaya, a sa shinge cikin lissafi tun farko. Mu yanzu ladan ne ya kawo shawarar da ta fisshe mu: an ja bututu daga wurin alwala zuwa wani tanki a bayan masallaci, wani yaron unguwa yana ɗiba da jarka bayan sallar asuba yana bai wa shukar, muna haɗa masa ɗan abin hasafi duk Juma'a. Baba ya zo ya duba ruwan, ya ce muddin ba a bari ruwan omo na masu wanki ya shiga tankin ba, zai ishi lallen da iksorar duka.