Pampas na manya ko kwaroron fitsari, wanne ya fi dacewa da Baba da daddare?

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, ka ce Baba ya haura shekara 70, da rana yana kai kansa banɗaki lafiya lau amma da dare sai a wayi gari katifa sharkaf, wasu sun ce ka sayi pampas na manya wasu kuma sun ce a sa masa roba. Allah ya ba shi lafiya. Na yi jinyar mahaifinmu kusan shekara 2 a kan wannan matsalar kuma duka mun gwada, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ita robar iri biyu ce, mutane suna haɗa su. Akwai wadda ake zurawa ta hanyar fitsari har cikin mafitsara, akwai kuma ta waje mai kama da kwaroron roba, ana sa ta a kan gaba sai a jona mata tiyo zuwa jaka. Ta wajen, wato kwaroron fitsari, nake kwatantawa da pampas.

Pampas dai sauƙi gare shi, ba sai an koya maka komai ba, kuma ko tsoho yana juye-juye cikin barci ko ya fara mantuwa ba abin da zai fizge. Matsalarsa fata. In fitsarin dare yana da yawa kafin ƙarfe 3 pampas ɗin ya cika, sai fatar matsematsi ta kwana cikin danshi, bayan 'yan kwanaki ka ga ta yi ja tana saɓulewa. Dole a wanke a bushe sosai a shafa man kariya mai zinc kafin a ɗaura sabo, kuma gaban ya kalli ƙasa, in ya kalli sama ta ƙugu zai yi yoyo ko da pampas ɗin sabo ne. Kar a haɗa biyu wai don ya riƙe da yawa, bayan pampas ɗin da ke ciki leda ne, ta gefe fitsarin zai fita. Sai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wlh ranar da na fara ɗaura wa mahaifinmu juya fuska ya yi bango bai ce min komai ba har gari ya waye, dattijo yana jin nauyin abin nan sosai, in yana iya sawa da kansa a nemo mai kamar gajeren wando a bar shi ya sa.

Shi kuwa kwaroron fitsari in ya zauna daidai mutum a bushe yake kwana, jakar dare tana ɗaukar lita 2, da safe a zubar, har ka ga yawan abin da ya yi. Amma yana da sharuɗɗa. Yana da lamba-lamba, sai an auna, in ya yi girma ya zame in ya matse ya hana jini gudu. Ana canza shi duk awa 24, a rage gashin wurin da almakashi, kar a shafa mai ko hoda domin gam ɗin ba zai kama ba, jakar kuma ta kasance ƙasa da gado ba tare da tiyon ya lanƙwashe ba. Mu kuskuren da muka yi, da ya riƙa zamewa sai na naɗe shi da filasta zagaye, da safe wurin ya kumbura hankalina ya tashi matuƙa, don Allah kar kowa ya yi haka. Kuma ba ya yi wa wanda gabansa ya shige ciki, ko mai ciwo a fatar wurin, ko mai ruɗewa da dare.

A ganina in Baba yana cikin hayyacinsa kuma fitsarin da yawa, kwaroron ya fi. In kaɗan ne ko yana da mantuwa, pampas da ledar katifa. Robar ciki kuwa kar a sa ta don kawai a huta da wanki, ƙwayoyin cuta suna bin ta su shiga mafitsara, ta wanda fitsari ya ƙi fita ce kuma likita ke yanke hukunci.

To amma abin da ya fi damuna a tambayarka ba ka ce an duba shi ba. Duka biyun tarar fitsari kawai suke yi. Namiji mai waɗannan shekarun da ya fara jiƙa shimfiɗa da dare, sau da yawa furostet ne ya kumbura, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsara ya kewaye hanyar fitsari, sai mafitsara ta kasa juyewa duka ta cika maƙil tana ambaliya cikin barci, in aka bar shi haka yana iya taɓa ƙoda. Ka tambaye shi ko fitsarin yana fita siriri, ko sai ya yi nishi, ko yana jin saura bayan ya gama. A asibiti za su yi sikanin bayan ya yi fitsari su ga abin da ya rage, su auna suga su duba fitsarin ko akwai cuta. Kar ka sayo maganin tsayar da fitsari irin oxybutynin da kanka, in hanya a toshe take zai iya kulle shi gaba ɗaya.

Kafin ku je, ya rage ruwa awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya amma ya sha isasshe da rana, ban da shayi da kofi da yamma, in ƙafafunsa suna kumbura ya ɗaga su kan filo da la'asar domin ruwan ya sauka kafin dare, a ajiye masa gorar yin fitsari kusa da gado da fitila. In yana shan Lasix ko wani maganin hawan jini mai sa fitsari ka tafi da kwalayen gaba ɗaya, wataƙila lokacin shan ne kawai likita zai canza.