Hattara da masu tara kuɗi da bidiyon marayu

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da zan ba ku labari a layinmu ya faru a nan Kano, kuma har da kuɗina a cikin waɗanda aka cinye.

A farkon azumin da ya wuce na ci karo da shafin wata gidauniya a Facebook. Kullum sai sun saka bidiyon yara a gaban buhun shinkafa, ana karanto hadisin falalar mai riƙon maraya, a ƙasa ga lambar asusu. Zuciyata ta karye, na tura naira 15,000 domin kayan sallar yaro ɗaya. Ban tambayi kowa ba, don ina ganin sadaka ba ta son surutu.

Ranar ashirin ga azumi, bayan an sha ruwa, ina duba waya sai ga sabon bidiyo. Na gane zauren tun kafin na gane yaran. Gidan maƙwabciyata ne, wadda mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce ya bar mata yara huɗu, take soya awara a ƙofar gida suna samun na tuwo. An rubuta wai uwa da uba duk sun rasu, goggonsu ce ke riƙe da su, kuma mai gida zai kore su idan ba a tara naira 350,000 ba kafin Juma'a. Gidan nan na gado ne, ba haya suke ba. Wadda aka kira goggo kuwa ita ta haife su.

Na saka hijabi na shiga wurinta, na miƙa mata wayar. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Yaya, wallahi taliya uku suka ba ni."

Ga yadda aka yi. Samari uku da mace ɗaya suka zo a mota, sanye da riguna iri ɗaya masu tambari. Suka ce rajistar marayu suke yi, wasu masu hali daga ƙasashen Larabawa za su ɗauki nauyin abinci da makaranta. Fom ɗin kowane yaro naira 2,000. Ta ranto 8,000 a wurin uwar adashi ta biya. Suka karɓi hoton marigayin da lambar NIN da BVN ɗinta, wai ta nan za a riƙa turo kuɗin wata-wata. Bayan mako guda suka dawo da buhun shinkafa da galan ɗin mai da katan ɗin taliya, suka jera yaran a bakin zaure. Matar ta sa 'yar autar ta cire takalminta, ta ce babban ya koma ciki ya sako tsohuwar riga. Sau uku aka sa uwar ta maimaita godiya, domin a na farko da na biyu ba ta yi kuka ba. Ana kashe kyamara suka mayar da buhun da galan cikin but ɗin mota. Wai waɗannan na ɗaukar hoto ne, nata rabon yana sito.

Na rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa na san yaran nan kuma uwarsu tana raye. Ba a yi minti goma ba aka goge, aka toshe ni. Sai a lokacin na koma na duba rasidin kuɗin da na tura, na ga sunan mutum ɗaya ne a kan asusun, ba sunan gidauniyar ba. Da na duba tun farko, da ban tura ba. Na kuma lura duk bayan 'yan kwanaki lambar asusun da suke sakawa takan canja, kuma babu adireshin ofis ko ɗaya a shafin, sai lambar WhatsApp.

Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ta faɗa mini daga baya. Sun ce idan ta amince za su tafi da babban yaron makarantar kwana a wata jiha, kyauta, har ya gama sakandare. Ta ce sai ta yi shawara da ƙanin mahaifinsu, shi kuma ya ce a kawo sunan makarantar ya je ya gani da idonsa. Daga nan ba su sake ɗaga wayarta ba. Mu a Kano ba mu manta da 2019 ba, lokacin da aka gano yara tara da aka sace daga unguwanninmu aka kai su Onitsha ta jihar Anambra, an sayar da su, an canja musu suna. Waɗancan ɗauke su aka yi a titi. Waɗannan kuwa so suke uwa ta miƙa ɗanta da hannunta, tana sa musu albarka.

Sana'a ce da ta daɗe a duniya. A Kambodiya, binciken da aka yi da taimakon UNICEF ya nuna kusan uku cikin huɗu na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya sa aka karɓo su, ana nuna su ga baƙi masu yawon buɗe ido ana karɓar gudummawa. Abin ya kai ƙasar Ostireliya a 2018 ta sanya irin wannan safarar yara cikin nau'o'in bautar zamani. Can baƙo ake kai wa yaron ya gani, nan kuwa waya ce ke kawo mana shi har ɗaki.

Kafin ka tura sisi, ka dubi sunan da ya fito a kan asusun. Ƙungiyar gaskiya tana da rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, kuma ana iya binciken sunanta a shafin hukumar kyauta. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba, don macuci ma yana iya yin rajista. Ka nemi adireshi, ka je, ko ka tura ɗan'uwan da ke garin. Ka tambayi mai unguwa ko limamin wurin ko sun san su. Wanda ya ce babu lokaci, yau-yau ake so, ka bar shi. Ku kuma iyaye mata da aka bar wa marayu, duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom kafin a taimake ku, ɓarawo ne. Kada ku ba kowa BVN ko lambar sirrin da banki ke turowa ta waya. Idan aka nemi a tafi da yaro, a sanar da dangin uba da mai unguwa, in an ga alamar rashin gaskiya a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Ba ina cewa a daina bayarwa ba. Akwai masu yi don Allah, kuma waɗannan macutan su suka fi ɓata wa suna. Ga gidan marayu na Nasarawa, ƙafa za ta kai ka. Ga kwamitocin marayu na masallatai da suka san kowane gida da sunan mamacin. Ni abin da ya fi ci mini rai, naira 15,000 ɗin nan da na tura wa wanda ban taɓa gani ba, katanga ɗaya ce tsakanina da yaran da suka fi kowa buƙatarta.

Mun raka ta banki an toshe tsohon katinta, mijina da ƙanin marigayin sun kai ƙara ofishin 'yan sanda, matan layi kuma mun haɗa mun biya mata bashin adashin. Shafin ya canja suna bayan sallah, amma bidiyon yana nan yana yawo a WhatsApp da sabuwar lambar asusu. Idan ya iso gare ku, yara huɗu ne a bakin zaure mai shuɗiyar ƙofa, ƙaramar ba takalmi. Kada ku tura komai, kada kuma ku tura shi gaba.