Gargaɗi ga masu neman ƙananan motocin tsere: kayan ƙawa da ake rufe haɗari da su

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar mota. Akwai wata damfara da ke yawo a Instagram da Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma waɗanda ta fi kamawa su ne matasan da suka daɗe suna tara kuɗi don mallakar ƙaramar mota mai gudu, irin su Toyota 86 da tagwayenta Scion FR-S da Subaru BRZ, ko Mazda MX-5, ko Golf GTI. Dillali zai sayo motar da ta yi mummunan haɗari ko ta nutse a ambaliya daga gwanjon kamfanonin inshora a Amurka, a kai wa fanalbita ya miƙe ta, sannan a lulluɓe ta da kayan tsere. Sai ka ga talla: "An zuba mata kaya na miliyoyi, sai dai ka murza makulli." Motar da ya kamata kuɗinta ya faɗi ƙasa warwas sai a ɗora mata farashin da ya zarce na lafiyayya.

Sayen motar gwanjo ba laifi ba ne, idan an faɗa maka gaskiya kuma an gyara ta yadda ya dace. Ha'incin yana wajen ɓoyewa. Kuma abin da ya sa wannan salo yake cin mutane shi ne, kusan kowane kayan ƙawa da mai sha'awa ke so yana iya zama marufin wani ciwo.

Mu fara da sitiyari, domin nan ne ran mutum yake. Ƙaramin sitiyarin tsere mai hannu uku ba shi da jakar iska. Idan jakar asali ta fashe a haɗari, sayen wata da ɗaura ta da gyara kwamfutarta yana da tsada, don haka sai a cire sitiyarin gaba ɗaya a sa na tsere, a ce maka "gyara" ne. Don kada fitilar gargaɗi ta tona asiri, rewaya zai laƙa ɗan rezisto na om 2 zuwa 3 a bakin wayar, kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan. Wasu ma ƙwan fitilar suke cirewa ko su rufe shi da baƙin salatif daga ciki. Ka murza makulli ba tare da ka tayar da inji ba: dole fitilar jakar iska ta kunnu, ta tsaya 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu ita kaɗai. Idan ba ta kunnu ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi ne; idan kuma ta mutu daidai lokacin da fitilar baƙin mai ta mutu bayan inji ya tashi, an haɗa wayoyinsu ne. Ka shafa dashbod ta gefen fasinja. Idan an yi masa sabuwar fata ko ka ji tudu da tauri a wurin da jaka ke fitowa, an liƙe yaguwa ne. Kujerun tsere ma haka: kujerun asali na 86 suna ɗauke da jakar iska ta gefe. Ka nemi a nuna maka sitiyari da kujerun asali. Mai sha'awa na gaskiya yakan adana su a gida, domin ya san darajarsu ranar sayarwa. Ka kuma ja bel har ƙarshe ka sake shi. Wanda ya taɓa kullewa a haɗari ba ya komawa da kyau, ko ka tarar an musanya shi da bel ɗin tsere mai launi wanda aka ɗaure da noti a ƙasan mota a inda bai kamata ba.

Sai jiki. Ledar da ake naɗe mota da ita tana ɓoye fila da bambancin fenti, faffaɗan fenda da ake ɗaurawa da sukurori kuma yana ɓoye gefen da ya lotse. Ka je da na'urar auna kaurin fenti. Fentin kamfani yawanci yana tsakanin maikiron 80 zuwa 160. Idan ka ga 400 ko 800 ko ma na'urar ta ƙi karantawa, akwai fila a ƙasa. Masu amfani da maganaɗisu su lura: bonet ɗin 86 na alminiyam ne, haka na MX-5, don haka rashin kamawar maganaɗisu a nan ba shaida ba ce. A ƙofa da gefen baya ake gwadawa. Ka ɗaga kafet ɗin but ka duba ƙasansa: walda ta kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, ta fanalbita kuwa doguwa ce mai ƙuna, an shafe ta da baƙin fenti ko kwalta. Ka dubi kawunan notin fenda da na bonet, in fentinsu ya kankare an taɓa kwance su. Sannan ka ɗauko awo, a daidaita sitiyari, ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe. Na 86 milimita 2,570 ne, na MX-5 ƙirar 2015 zuwa sama 2,310. Idan hagu da dama suka bambanta da fiye da santimita ɗaya, ko dai shasi ya karkace ko wani hannun ƙafa ya lanƙwashe. Irin wannan mota ba ta riƙe alaimen, tana cinye taya ta gefe guda, kuma a gudu tana ja.

Salansa mai ruri ita ce abokiyar dillali ta uku. Ƙararta tana danne ƙwanƙwasar inji, kuma sau da yawa an riga an sare indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, an sayar, tunda akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa. Ka ce sai ka ga motar da sassafe, inji a sanyaye. Ka taɓa shi da hannu kafin a tayar. Wanda ya riga ka ɗumama inji yana da abin da ba ya so ka ji. A GTI ƙira ta shida, ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙoƙi lokacin tayarwa alama ce ta abin da ke ɗame sarƙar taimin ya gaji, in ta tsallake haƙori kuwa fistin da bawul za su haɗu. A FR-S da BRZ na 2013 an yi kiranye a 2018 don canza sifirin ɗin bawul, kuma wasu injinan sun buga bayan aikin saboda gam ɗin da aka zabga ya ɓalle ya toshe matatar da famfon baƙin mai ke zuƙa. Ka sa bakanikenka, ba na dillali ba, ya auna matsin kowace silinda. Bambanci kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

In an ce an sa mata turbo, ka ƙara buɗe ido. Injin FA20 na 86 lita 2 ne, doki kimanin 200, matsinsa 12.5 zuwa 1, kuma an ƙera shi ne don fetur mai ƙarfin okten. Mu kuma a gidajen manmu fetur iri ɗaya ake sayarwa. Ɗora turbo a kan wannan inji ba tare da an sake tsara kwamfuta a hannun gwani ba, a zafin Kano ko Sakkwato na watan Afrilu, hanyar fasa fistin ce. Ka tambayi wanda ya tsara kwamfutar da irin man da aka tsara ta a kai. Idan amsar ita ce wani ɗan akwati mai walƙiya da aka soka a ramin OBD ƙarƙashin sitiyari, wai yana ƙara doki 30, to yawancin irinsa ba komai a cikinsu sai ƙwan fitila.

Ƙafafu kuma nan jabu ya fi yawa. Rim ɗin Rays TE37 na asali a Jafan ake yin sa, matse ƙarfen ake yi da ƙarfi ba narkawa a zuba ba, kuma saiti ɗaya ya haura dala 2,000. Na jabu zubi ne, ya fi nauyi, sitika kawai aka manna masa. Na asali idan ya faɗa rami yakan lanƙwashe, na jabu mara inganci kuwa tsagewa yake yi. A cire taya ɗaya ka ga rubutun da ke bayan rim da jikin gangarsa. Ka san tazarar ramukan motarka: 86 da BRZ 5x100, GTI ƙira ta biyar zuwa sama 5x112, MX-5 4x100 ban da ƙirar 2005 zuwa 2015 mai 5x114.3. Rim ɗin da aka faɗaɗa ramukansa da dirila don ya shiga, ka bar shi. Jan birki mai rubutun Brembo da kake hangowa ta cikin rim, ka ƙwanƙwasa shi da makulli. Sau da yawa murfi ne na roba ko siririn alminiyam da aka liƙa a kan birkin asali, ba ya ƙara komai sai riƙe zafi. Motar da aka ce an saukar da ita, a ɗaga ta da jak ka leƙa: idan sifirin yana lilo a mazauninsa kuma bakinsa yanke yake, da giranda aka datse shi. 86 daga kamfani ma santimita 13 ne kacal tsakaninta da ƙasa. A rage mata huɗu, tudun rage gudu na farko a bakin gari zai ci ƙasanta. A jikin taya kuma ka karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT: 2318 na nufin mako na 23 na 2018.

Duk wannan yana da nauyi ne saboda ba a sayen irin waɗannan motoci don a ajiye. Za a hau Mambila da su, za a sauko Hawan Kibo. Tsohon man birki da ya sha danshi yana tafasa da wuri: DOT 4 sabo yana kaiwa digiri 230, wanda ya jiƙa kuwa 155. A doguwar gangara, da murfin jabu yana riƙe zafi, sai ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse, ga sitiyari babu jakar iska.

Motar ambaliya ta fi wuyar ganewa domin jikinta sumul yake. Bayan guguwa irin Harvey ta 2017 a Texas da Ian ta 2022 a Florida, motoci masu ɗimbin yawa sun shiga gwanjo. Ka tura kujera baya ka duba tsatsa a dogonta da notinta, ka ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa, ka leƙa ramin safaya da bayan akwatin fis ko akwai busasshen laka mai laushi kamar gari. Ka zare soket ɗaya ko biyu na ƙarƙashin kujera. Koren ƙura a kan ƙarfen ciki shaidar ruwa ce. Turare mai yawa a mota ma abin tambaya ne. Irin wannan takan yi wata biyu lafiya, daga nan yau gilashi, gobe ABS, jibi kwamfutar giya.

Aikin da ya fi duka sauƙi shi ne lambar shasi, wato VIN, kuma shi ya kamata a fara yi tun kafin a kashe kuɗin tafiya zuwa ganinta. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q. Ka rubuta ta a Google kawai. Motocin da suka bi ta kamfanonin gwanjo na Copart ko IAA sau da yawa hotunansu na ranar gwanjo suna nan, har da hoton mita. A nan za ka ga an rubuta mil 120,000, alhali yau tana nuna 58,000. Ka sayi rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck da kanka, kada ka karɓi hoton da dillali ya turo, domin gyara shi aikin minti biyar ne. Kalmomin da za ka nema su ne Salvage (ta lalace), Flood (ambaliya), Rebuilt (an sake haɗa ta) da Certificate of Destruction (takardar rusawa). Harafi na goma shi ne shekarar ƙira: D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018. Scion FR-S daga ƙirar 2013 zuwa 2016 kawai aka yi ta, daga 2017 ta koma Toyota 86 a Amurka, don haka ana canza bamba da fitilu da tambari a sayar da ta 2013 a matsayin ta 2017. Lambar da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardu da wadda sikana, na'urar da ake sokawa a ramin OBD, ta karanto daga kwamfuta, dole su zama ɗaya. Da sikanar a hannu, ka duba tazarar da motar ta yi tun da aka goge laifuffukan da kwamfuta ta ajiye. Idan kilomita biyar ce, jiya aka goge. Ka tuƙa ta rabin awa ka sake dubawa.

Akwai kuma masu cewa "tana kan ruwa, kawo kafin alƙalami kafin wani ya riga ka." Hotunan na wani ne aka kwaso, asusun kuma na mutum ne mai suna daban da na shafin. Wanda yake da mota a jirgi da gaske yana da takardar lodi mai ɗauke da lambar shasi da lambar kwantena, kuma za ka iya bibiya a shafin kamfanin jirgin da kanka. Ko da hakan, kada kuɗi ya fita sai mota ta sauka ka gan ta. Mai cewa shi jami'in kwastam ne yana da motar gwanjo a rabin kuɗi ta Facebook, ka toshe shi. 'Yar Kwatano kuwa, a tuna an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Nijeriya a Janairun 2017, saboda haka ka kai takardun kwastam ofishinsu a tantance kafin ciniki. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, abin da ake yawan yi wa waɗanda aka kwaso daga Jafan ko Ingila, ana gane ta da facin walda a bangon da ke tsakanin inji da ɗaki da kuma waifa da ke kwantawa ta ɓangaren da ba daidai ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya gane an cuce shi, ya kira bankinsa a wannan sa'ar ya nemi a tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga don a riƙe asusun. Ya ɗauki hoton tallar da hirarsu da rasit da lambar waya kafin a goge shafin, sannan ya kai ƙorafi a rubuce ga 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma motar ta riga ta zo hannunsa, kada ya kwance mata ko noti ɗaya sai bakanike ya rubuta abin da ya gani an ɗauki hotuna, kuma kada ya hau babban titi da ita sai an duba jakar iska, bel, birki da ƙafafu huɗun.