Gargaɗi ga masu kiwon murjani: kada ku zuba shuɗin ruwan nan a tankinku

Jama'a, duk mai ƙaramin tankin gilashi na ruwan gishiri da yake kiwon murjani mai rai (wata halittar teku ce) da kifin teku a ciki, ya yi hattara. Akwai wani mai talla a WhatsApp da Instagram da ke sayar da wani shuɗin ruwa a ƙaramar gora, babu sunan kamfani, babu jerin abin da ke ciki. Cewa yake yi murfi ɗaya ya isa ya share gansakuka cikin kwana biyu, kuma wai ba ya taɓa murjani. Ƙarya ce. Narkakken sinadarin tagulla ne, kwafa salfet, irin wanda ake zubawa a kududdufi da wurin ninƙaya don kashe gansakuka.

Gansakukar kam za ta mutu, a nan yaudarar take. Kifi na iya jure tagulla kaɗan, har ana yi masa maganin ƙwayoyin cuta da ita a keɓaɓɓen tanki. Murjani da jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi kuwa ba sa jurewa ko kusa. Na ga tankin wani ɗan'uwa mai lita 60 bayan ya zuba: dodannin koɗin sun saki gilashi sun kife a kan yashi, jatan landen ya mutu, murjanin ya rufe bakinsa ruf, naman jikinsa yana saɓulewa har farin ƙashin ya fito. Kifayen na ta yawonsu lafiya. Da ya koma wa mutumin, sai ya ce masa ai ga kifi nan da rai, ruwanka ne ba shi da kyau, kuma akwai sabon murjani a hannu idan ana so. Wato ya ci kuɗin guba, yana neman ya ci na mayar da abin da gubar ta kashe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓarnar ba ta ƙarewa da canjin ruwa. Dutse da yashin tankin suna shanye tagullar, su riƙa sakinta a hankali wata da watanni. Sai ka sa sabon murjani ya sake mutuwa, ka rasa dalili.

Wanda ya riga ya saya, ga gwaji mai sauƙi: tsiyaya kaɗan a kofi, ka jefa sabuwar ƙusa mara fenti. Idan ta yi ja bayan ɗan lokaci, tagulla ce ta hau kanta, magana ta ƙare. Idan kuma ka riga ka zuba a tanki, maza kwashe murjani da sauran masu rai zuwa sabon haɗin ruwan gishiri, ka canza ruwa mai yawa, ka sa gawayin tacewa da abin tsotse tagulla irin su CupriSorb, sannan kada ka mayar da komai sai kayan gwajin tagulla sun daina nuna ta.

Ko a Amurka, a 2022, gwajin da masu kiwo suka sa aka yi ya nuna wani ruwa da aka daɗe ana sayarwa da sunan ƙwayoyin bakteriya masu amfani, ashe sinadarin kashe gansakuka ne. Mai lakabi ke nan, balle gorar da ba ta da ko suna.

Gansakuka abinci take samu shi ya sa take yaɗuwa: naitiret da fosfet daga ragowar abincin kifi da kashinsa, sai kuma hasken da ya yi yawa. Tanki ƙarami kuwa nan da nan yake cika da su. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse sukan zo da nasu, don haka a haɗa gishiri da ruwan da ya bi ta matatar RO/DI mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, wanda mitar TDS da ke auna su ta nuna sifili. A rage abinci, a tsayar da fitila kan awa 8 ko kusa da haka, a canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako, gishirin ya tsaya wajen 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. Gansakuka mai kama da gashi a tsinke ta da hannu, a goge dutsen da buroshi a wajen tanki. Dodon koɗin teku irin Trochus zai cinye sauran. Makonni aikin ke ɗauka, ba kwana biyu ba.

Mutumin nan yana canza lamba da sunan shafi, amma salonsa ɗaya ne: kuɗi gaba ɗaya kafin a turo kaya, kuma da ka tambayi abin da ke cikin gorar sai ya ce sirrin sana'a ne. Wanda ya tura masa kuɗi ya adana hoton hirarsu da shaidar biya, ya kai ƙorafi bankinsa, ya kuma kai rahoton shafin. Don Allah a tura wa duk wanda aka san yana da irin wannan tankin.