Wata biyar ina jan faɗan Dungeons & Dragons da Avrae

Mu biyar ne a wasan Dungeons & Dragons, wasan labari da kowa ke riƙe da jarumi ɗaya ana jefa dayis don sanin sakamako, kuma ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Wani yana aikin dare, wata tana makaranta, saboda haka a manhajar hira ta Discord muke yi ta hanyar saƙo, kowa ya rubuta abin da jaruminsa ya yi idan ya samu sarari. Ni ne mai jan ragamar labarin. Hira da bincike suna tafiya lafiya a haka. Faɗa ne ya so ya kashe mana wasan.

A ƙa'idar bugu na 5, wanda ya fito a 2014, zagaye ɗaya na faɗa, wato kowa ya yi motsinsa sau ɗaya, daƙiƙa 6 ne a duniyar labarin. Mu kuwa zagayenmu na farko ya ci kwana huɗu. Ina riƙe da littafin rubutu, ina lissafin makin ran gobilin shida, wato ƙananan dodannin da jarumai ke yaƙa, ina share 7 ina mayar da shi 2, ga ɗan zargi da ke tasowa in wani ya ce dayis ɗinsa ya ba shi 20 alhali babu wanda ya gani.

Nan Avrae ta shigo. Manhaja ce da ake gayyatowa cikin Discord, kyauta. Kowa ya ɗora takardar jaruminsa daga D&D Beyond, shafin intanet na wasan, ko Google Sheets. In faɗa ya tashi sai in rubuta !init begin, 'yan wasa su shiga da !init join, ita kuma ta jera mu bisa abin da dayis mai fuska 20 ya ba kowa. Wanda layi ya zo kansa za ta kira sunansa, wayarsa ta yi ƙara. In ya kai sara, ita za ta jefa dayis a gaban kowa, ta gwada da makin sulken gobilin, wato 15, ta cire raunin da kanta. Tun ranar zargi ya mutu murus, ni ma na ajiye biro. Wannan kaɗai ya isa in yaba mata.

Sai dai faɗan wannan wasa rabinsa tsayuwa ce: wa ke ina? Gida ɗaya a taswira ƙafa 5 ne, yawancin jarumai suna tafiyar ƙafa 30, gida shida ke nan. Ƙwallon wutar boka yana cin ƙafa 20 ta kowane ɓangare, kuma ba ya bambanta aboki da maƙiyi. Lissafi da jerin layi ne aikin Avrae, don haka taswira muka nema a gefe. Na zana gidaje a Google Sheets, haruffa a sama, lambobi a gefe, kamar ramukan dara. Ɗan wasa zai ce ya tashi daga C4 zuwa F6, in matsar da harafin sunansa, in ɗauki hoto in tura.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne martani a tsakiyar layin wani. Maƙiyi ya juya zai gudu, mai takobi yana da damar kai masa sara. An harbi boka, yana iya ɗaga garkuwar tsafi ta ƙara masa 5 a makin sulke. A tebur ƙiftawar ido ce. A saƙo kuwa sai ka tsayar da kowa kana jiran mutumin da ke barci. Maganin da muka samu: kowa ya bar wasiyya tun kafin a fara. Bokanyarmu ta rubuta cewa in dukan zai same ta kuma 5 ɗin zai hana, in ɗaga mata garkuwa ba sai na tambaya ba. Muka kuma yarda wanda ya yi awa 24 shiru, jaruminsa ya tsaya yana kare kansa, layi ya wuce.

Makon farko umarnin Avrae zai ɗaure maka kai, sai ka liƙa guda biyar da aka fi amfani da su a saman zauren. Faɗanmu na baya-bayan nan, a bakin wata gada, zagaye huɗu ne, kuma mun gama shi daga Juma'a zuwa Litinin.