Abin da na gani bayan an gauraya siminti da ƙasa a hanyar sitona

Na biya kuɗi an ƙarfafa ƙasar hanyar da ta tashi daga bakin kwalta zuwa sitona da siminti, kuma tun da damina ta riga ta gwada aikin, ina ganin ya dace in faɗi abin da na gani. Duk wanda ya san yankin Numan ya san baƙar lakar da muke fama da ita, wadda take tsattsagewa da rani har hannu ya shige cikin tsagar, idan ruwa ya sauka kuma ta kumbura ta koma taɓo mai riƙe taya. Shekara da shekaru muna zuba burji, ƙasar tana haɗiye shi.

Injiniyan ɗan kwangilar ya gaya mini tun farko cewa siminti shi kaɗai ba ya iya wa irin wannan laka. Saboda haka aka kankare samanta, aka shimfiɗa jar ƙasa mai kaurin santimita 20, aka zuba siminti kashi 6 cikin 100 na nauyin ƙasar, gireda ta juya, tanka ta yayyafa ruwa, sannan rola ta danne. Aka rufe hanyar da ciyawa ana ba ta ruwa har kwana 7. A tsakiyar watan Agusta, washegarin wani ruwa mai ƙarfi, tirela ɗauke da buhu 600 na taki ta bi ta daidai wurin da tifa take kafewa a da, na bi bayanta a ƙafa ina duba ƙasa, ban ga ko sawun taya ya lotsa ba. A ranar na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai dai ɓangaren ƙarshe na bakin ƙofar sito yana ɓata mini rai duk lokacin da na taka shi. Ranar da aka yi wannan ɓangaren an gauraya siminti an jiƙa shi da hantsi, sai man rola ya ƙare, ba a samo wani ba sai bayan la'asar. Siminti kuwa da zarar ya sha ruwa yake fara kamawa, shi ya sa masana suke cewa a gama dannewa cikin kamar awa 2, domin idan aka makara rola tana farfasa abin da ya fara haɗewa ne kawai. Na nuna damuwata, shugaban leburori ya ce mini, "Alhaji, kwantar da hankalinka, siminti ai siminti ne." Yau idan na karce wurin da takalmi sai ƙasar ta rududduge, ruwa ya bi tsagogin ya isa ga baƙar lakar da ke ƙasa, ita kuma ta kumbura ta ɗaga gefen hanyar. A nan ne manyan motoci suke juyawa, wato wurin da ya fi ko'ina buƙatar ƙarfi. Kwalbatin da muka yi yarjejeniya a kansa ma ba a gina shi ba.

Na tambayi mutanen ɗan kwangilar game da jiyofolima, inda ake haɗa toka, irin ta buntun shinkafa, da soda domin ta ɗaure ƙasa a maimakon siminti, ganin cewa buntu jibge yake a injinan casarmu, suka ce ba su taɓa yi ba. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasu, amma da ma sun riƙe ta a ranar da rola ta tsaya. Dabarar siminti tana aiki, ni shaida ne, sai dai ba zan sake ba waɗannan mutane aiki ba. Ɗan kwangilar ya yi alkawarin tone ɓangaren da ya lalace da zarar ruwa ya ɗauke, ga kaka ta shigo, ya daina ɗaga wayata.