Da KoboToolbox muka bi gotocin Nima: abin da na gani

Duk wanda ya tashi a Nima, unguwarmu a Ankara ta Gana, ya san cewa da hadari ya haɗu a watan Yuni, idon kowa kan gota, wato magudanar ruwa, yake komawa. Babbar gotar da ta ratsa tsakaninmu da Mamobi tana gangarawa ta haɗu da kogin Odaw, shi kuma ya zuba a tafkin Korle kafin ya kai teku. In ta cika da shara da yashi, ruwa ya san ƙofofin da yake bi. Daren 3 ga Yuni 2015 har yau bai bar zukatanmu ba, daren da ambaliya da gobara suka haɗu a gidan man da ke Circle, shataletalen Kwame Nkrumah, mutum sama da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su.

Ni ke riƙe da takardun wata ƙaramar ƙungiyar matasa a unguwarmu, nan Ankara babban birnin Gana. Mun daɗe muna kai kuka kan gotocin cikin lungu, kuma duk inda muka je tambaya ɗaya ce ke tare mu: gida nawa ruwa ke shiga, kuma a ina? Amsarmu kullum "da yawa". Da "da yawa" kuwa ba a rubuta kasafin kuɗi. Shi ya sa kafin daminar da ta wuce muka ce bari mu je da lissafi a hannu.

Mun fara da abin da ke buɗe a intanet, wanda kowa zai iya saukewa ba tare da ya roƙi kowa ba. Ƙidayar 2021 ta ce mu miliyan 30.8 ne a Gana, yankin Ankara kaɗai sama da miliyan 5.4. A shafin StatsBank na hukumar ƙididdiga muka ciro alƙaluman gundumarmu, Ayawaso ta Gabas: yawan jama'a, irin gidaje, inda ake samun ruwan sha, irin bayin da ake amfani da shi. A HDX, rumbun bayanan da ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ke kula da shi, muka sauke iyakokin gundumomi. Sai OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa. Nan ne na yi mamaki, don na tarar da gine-ginen Nima jere a kanta. Ashe tun 2018 aikin Open Cities na Bankin Duniya ya sa matasa sun zana Nima da Alajo da Akweteyman da Alogboshie, kafin bankin ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don aikin GARID na rage ambaliya a kwarin Odaw. Wasu sun yi gumi, sun bar abin a buɗe, mu muka zo muka tarar. Allah ya saka musu.

Sai dai alƙaluman da muka sauke a matakin gunduma suka tsaya, taswira kuma tana nuna rufin gida ne, ba ta nuna inda ruwa ya kai a bangon ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan giɓin ne ya kai mu ga KoboToolbox.

Wata 'yar'uwa da ta taɓa aikin tattara bayanai a arewacin ƙasar nan ce ta nuna mana shi. Manhaja ce ta yin tambayoyi da waya. Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka ƙirƙiro ta a 2005, ta daɗe ƙarƙashin sashen ayyukan jinƙai na jami'ar Harvard a Amurka, yanzu kuma ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Kana buɗe asusu a shafinsu, ka tsara tambayoyinka a kwamfuta, masu zagaye kuma su sauke KoboCollect, manhajarta ta waya, a wayar Android su jawo fom ɗin. Ƙungiyoyi irin tamu suna da tsarin kyauta mai iyakar adadin fom a wata, mu ko kusa da iyakar ba mu je ba. Ban biya ko sidi ɗaya ba a kan manhajar. Kuɗinmu a data da cajin waya da ruwan sanyi na masu zagaye ya tafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta buƙatar sabis lokacin aiki. Akwai lungunan da in ka shiga, waya sai ta yi shiru kamar an toshe mata baki. Yaran suna cika fom ɗinsu, su ɗauki hoton gota, su ɗauki wurin da GPS, komai ya zauna a cikin waya. Da yamma in mun taru bakin titi inda sabis ke da ƙarfi, kowa ya tura nasa. Kafin a kira isha'i ina buɗe kwamfuta in ga ɗigo-ɗigo sun bazu a kan taswira, kowane ɗigo gida ne da aka shiga aka yi sallama. Ranar farko da na ga haka na daɗe ina kallo.

Tana kuma da hankalin tsallake tambaya. In mutum ya ce ruwa bai taɓa shiga ɗakinsa ba, ba za ta sake damun sa da tambayar ina ruwan ya kai ba. In mai zagaye ya yi kuskure ya rubuta shekarun yaro 200, tana iya ƙin karɓa, in dai ka sa mata wannan sharaɗin tun farko. Wanda ya taɓa zama da tarin takardu da ruwa ya jiƙa yana ƙoƙarin karanta rubutun mutum takwas daban-daban zai gane darajar wannan.

To, wahalar gaske ba a wayar take ba, a tambayoyin take, kuma a nan muka fi daɗewa. Fom ɗaya yana iya ɗaukar harsuna da yawa, mai zagaye ya danna ya sauya. Mun rubuta namu da Turanci da Hausa, haruffan ƙ da ɗ da ɓ duk sun fito daidai. Amma Hausar da na fara rubutawa ta littafi ce. Na sa "magudanar ruwa", na sa "ambaliya". Ranar gwaji wani dattijo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, gota kake nufi?" A Nima Hausa ce ke haɗa Bakotokoli da Bazabarme da Badagombe da Bamoshe, kuma tana da nata baki. Muka koma muka sa gota, muka sa "ruwa ya shiga".

Kalmar "gida" ma ta so ta rikita mu. Gida ɗaya a zango yana iya ɗaukar iyali goma, kowa da ɗakin hayarsa da murhunsa. In ka ce mutum nawa ne a gidan nan, wani ya ƙirga ɗakinsa, wani ya ƙirga har da na ƙarshen tsakar gida. Sai da muka mayar da tambayar ta koma su wa da wa ke cin tukunya ɗaya. Shi ma ɗin a hankali ake yin sa, domin akwai iyayen da ba sa son ƙirga 'ya'yansu a gaban baƙo, sai dai su ce Allah ya yi albarka. Muka koya wa yaran kada su matsa, muka cire tilas daga wannan tambayar. Tsawon ruwa kuwa da farko santimita na sa. Wa ke riƙe da ma'auni tsakar dare yana kwashe katifa? Muka sauya zuwa idon sawu, gwiwa, ƙugu, ƙirji. Daga ranar amsoshi suka fara zuwa ba gargada, wasu har su ja ka su nuna maka layin da ruwa ya bari a bango.

Kuskure ɗaya da na yi, ina faɗar sa don wani ya kiyaye. Na gyara fom a tsakiyar aiki, na sake ɗora shi, ban tabbatar kowa ya sauke sabon ba. Aikin yini guda ya zo iri biyu, wasu da santimita wasu da gwiwa, sai da muka sake komawa gidajen. Duk gyaran da za ka yi, ka tara wayoyin a gabanka ka ga kowacce ta karɓa. GPS ma yana son haƙuri. A lungu mai matsi, inda kwanon wannan gida ya kusa sumbatar na wancan, ƙananan wayoyinmu kan jefa ɗigo cikin gidan maƙwabci. Manhajar tana nuna maka mita nawa take zaton ta kauce, sai ka tsaya a fili ka jira lambar ta sauko. Daga baya na zauna da QGIS, manhajar taswira ce, ita ma kyauta, ina daidaita ɗigon da gine-ginen da ke kan taswira. Wannan ɓangaren yana buƙatar wanda ya ɗan iya kwamfuta, kada a ruɗe ka cewa da waya kaɗai za a gama.

Akwai wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai a bakin wani lungu, ɗakinta na cikin waɗanda ruwa ke fara shiga. Na je da kaina. Ta ba ni benci, ta ci gaba da juya ƙosai, ta bar ni na gama bayanina. Sannan ta ce, "Ɗana, an sha rubuta ni. Masu riga iri ɗaya sun zo, masu jaka sun zo. Ina rubutun yake zuwa?" Na fara ce mata za mu buɗe bayanan kowa ya gani. Ta ajiye matsamin ta dube ni. "Kowa? Har da masu rusau?"

Ban sami amsa nan take ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, kuma ba ta manta cewa makonni kaɗan bayan ambaliyar 2015 aka shiga Tsohuwar Fadama, unguwar talakawa a bakin tafkin Korle, da katafila aka rushe gidajen bakin ruwa ba. Na san kuma cewa mutanen can ɗin sun taɓa ƙirga kansu da kansu a 2009, suka fito da kusan mutum 80,000, lissafin ya zame musu abin tsayawa a gaban hukuma. Lissafi yana kare talaka, yana kuma iya nuna inda yake kwana. Abin da zai shiga wayata in ta amsa shi ne ƙofar ɗakin Hajiya daidai da mita, da hoton bangonta, da yawan jikokin da ke kwana wurinta. Amana ce za ta ba ni.

A daren muka zauna muka raba bayanan gida biyu. Abin da ya shafi kowa, wato gotoci da inda suka toshe, gadojin katako, wuraren zuba shara, famfuna da bayin jama'a, shi muka ɗora a OpenStreetMap, inda duk mai so zai ɗauka in dai ya ambaci inda ya samo. Abin da ya shafi iyali kuwa bai fita ba. Muka cire sunaye da lambobin waya, muka haɗe amsoshi lungu-lungu yadda ba za a iya nuna ɗakin kowa ba. A nan KoboToolbox ta taimaka ƙwarai, don tana ba ka damar ka ce wane zai iya turo fom kawai, wane zai iya ganin amsoshi, wane zai iya gyarawa. Masu zagayenmu turowa kawai suke yi, mu biyu ne ke ganin komai. Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, doka mai lamba 843, amma gaskiya tambayar Hajiya ce ta sa na je na karanta ta. Muka kuma ƙara shafi a farkon fom, ana karanta wa mutum da Hausa abin da za a buɗe da abin da za a rufe, in ya ce a'a a yi masa godiya a wuce. Na koma na faɗa mata. Ta ce, "To, yanzu ka yi magana," ta amsa tambayoyin duka.

Ba duk ƙofa ce ta buɗe mana ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ba jami'i kwana 14 ya yanke hukunci kan buƙata. Mun rubuta wa wani ofishi muna neman zanen gotocin yankinmu, damina ta zo ta wuce ba mu ji komai ba. Abin ya yi mini ciwo, don da zanen a hannu da mun san wace gota ce aka tsara ta ɗauki ruwan wane lungu. Za mu sake rubutawa.

Ga ƙungiyar zango ko ta masallaci ko ta mata da ke son zuwa gaban hukuma ko masu ba da tallafi da hujja, ina ba da shawarar KoboToolbox da zuciya ɗaya. A tanadi mutum guda da ya iya Excel, a tanadi abin cajin waya saboda ɗaukewar wuta, a gwada tambayoyin a kan dattawan unguwa kafin a fita, kuma a yanke abin da za a buɗe tun kafin a buga ƙofar farko.

Mun buga taswirar a babbar takarda, bayan sallar Juma'a muka shimfiɗa ta a kan tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, wakilinmu na majalisar gunduma yana zaune. A karon farko da aka tambayi ina, yatsa muka ɗora. Wani tsoho ya sunkuya ya daɗe yana bin layukan da sandarsa, sai ya ce akwai wata ƙaramar gota bayan makarantar allo da aka rufe da siminti shekaru da yawa, ta nan ruwa ke ɓullowa, kuma ba ta cikin zanenmu. Gaskiyarsa. Washegari da safe yara biyu suka bi shi da waya ya nuna musu bakinta.